Gandurar avatar ma sai da idon tela

Ƙannena masu yi wa avatar (mutum-mutumin da ke wakiltarka a allo) kaya a duniyoyin intanet na Second Life da Roblox, don Allah ku saurare ni, abin nan ya jima yana ci mini rai. Da zarar furen atamfa ya baje a kafaɗa ko wani farin layi ya ɓullo a gefen riga sai ku ɗora wa ordinata laifi, ko ku ce rezo ne ba kyau, ku ruga ku ƙara girman hoton da ake liƙa wa rigar daga ɗigo 512 zuwa 1024. Wallahi ba nan ciwon yake ba, a wurin yanka yake.

Kafin babbar sallah na kwana uku ina haɗa gandura a Blender, manhajar ƙera abu a 3D, shadda ruwan toka da aikin aska biyu a ƙirji, a manhajar zane ta GIMP komai ya fito tsaf amma ina sa wa avatar sai aikin ya miƙe kamar roba, askar dama ta fi ta hagu tsawo. Na kai laftof ɗin shagon Baba nan Yelwa a Garwa, shi da ya tsufa a kan keken ɗinki bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba, ya gyara tabarau ya kalla ya ce "kai yaro, wa ya yanka maka wannan? An ja yadin a karkace." Shi ke nan fa ya gama gano cutar. Abin da ake kira UV map ai shimfiɗa riga ne a kan tebur gunduwa-gunduwa, gaba daban baya daban hannu daban, in shimfiɗar ta karkace ko hoton duniya ka liƙa sai ya karkace.

Tun ranar ba na sa zane sai na fara lulluɓe rigar da hoton gwaji mai gida-gida kamar allon dara, yana nan cikin Blender kyauta. Inda gidan ya yi tsawo ko ya matse nan zan koma in gyara, kuma wurin tsagawa ina bin inda tela ke bi da allura, ƙarƙashin hammata, gefe, saman kafaɗa, ba tsakiyar ƙirji inda kowa zai gani ba. Farin layin nan kuwa rashin barin rara ne. Wane tela ne ke yanka yadi daidai bakin alli? Sai ya bar ɗan abin da ɗinki zai ci. Kai ma ka bar launin ya tsallake iyaka da ɗigo huɗu zuwa takwas, don in avatar ya yi nisa manhajar tana rage hoton, sai ta gauraya gefen da farin da ke bayansa.

Sai rigar da ake hango cikinta, hannu na leƙowa ta bayan ƙirji. Yawanci hoton PNG ne aka ajiye 32-bit da alfa, wato abin da ke sa a gani ta cikin hoto, alhali babu abin da ke buƙatar a gani ta cikinsa, ajiye shi 24-bit magana ta ƙare. Shadda kuma ku daina zana mata ƙyalli da farin fenti, tun 2013 Second Life ta kawo normal map da specular, hotunan da ke nuna tudu da kwari da sheƙin yadi, su ke sa ƙyallin ya bi haske kamar wadda aka buga da dugi.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne girman hoton nan. 1024 yana cin ninki huɗu na abin da 512 ke ci, ka sa shi a maɓalli, ka sa a hula, to wa zai iya buɗewa? Mutanenmu na Marwa da Ngaundare da Anjamena da tsofaffin laftof suke shiga, da forfe na awa-awa, ga zafin Afrilu fanka na kuka, rigarka ta tsaya toka-toka ba ta buɗe ba har kuɗinsu ya ƙare. Kuma ku riƙa gwadawa da Local Textures, wato gwada hoto daga laftof ɗinku, kafin ku biya Linden 10 (kuɗin Second Life) na ɗorawa, masu Roblox ku kuma kar ku taɓa awon 585 da 559 na samfurin riga.

Gandurar nan dai na sake yanka ta daga farko, na koma shago da la'asar na juya wa Baba avatar ɗin gaba da baya, ya daɗe yana duban wuyan sannan ya ce in ƙara faɗin aljihu da yatsa biyu.