Ga ƙannena masu buga bulo da masu ɗora gini

Assalamu alaikum ƙannena. Kwanakin baya na tsaya a wani wurin buga bulo zan sayi guda ɗari. Na ɗauki ɗaya na murza gefensa da babban yatsa, sai ga shi yana zuba kamar garin kwaki. Na tambayi yaron da ke kwaɓi, buhu ɗaya na siminti bulo nawa kuke fitarwa? Ya sunkuyar da kai ya ce, "Yaya, oga ya ce sittin." Tun daga wannan rana girgizar ƙasar Haiti take dawo mini a rai.

Ranar 12 ga Janairun 2010, da misalin ƙarfe biyar saura na yamma, ƙasa ta girgiza kusa da garin Léogâne, kimanin kilomita 25 yamma da Port-au-Prince, babban birnin Haiti. Ƙarfinta maki 7.0. Cikin ƙasa da minti ɗaya fadar shugaban ƙasa ta rufta, babbar majami'ar birnin ta zube, haka hedikwatar tawagar Majalisar Ɗinkin Duniya da ke ƙasar. Gwamnati ta ce mutum 316,000 suka mutu, wasu masu bincike suka ce adadin bai kai haka ba, amma ko mafi ƙanƙantar ƙiyasi abin tashin hankali ne. Mutum kusan miliyan ɗaya da rabi suka koma kwana a tantuna. Asarar dukiya ta kai wajen dala biliyan 8, wato ta zarce duk abin da ƙasar take samarwa a shekara guda. Kafin a farfaɗo, kwalara ta ɓarke a watan Oktoba, ta kwashe kusan mutum 10,000.

To ku saurara. Makonni shida bayan nan, ranar 27 ga Fabrairu, wata girgizar ta afka wa ƙasar Chile da ƙarfin maki 8.8, ta ninka ta Haiti sau ɗaruruwa. Waɗanda suka rasu 500 ne da 'yan kai. Chile tana da dokar gini mai tsauri, kuma ana binta. A Haiti kuwa an ɗora bene kan bene da kankare mai ƙarancin siminti da siraran rodi, babu mai dubawa. Dakin, wato rufin kankare, da aka zuba don ya kare mutane daga rana da ruwa shi ya danne su.

Na san za ku ce mu ƙasarmu ba ta girgiza. Mutanen Mpape a Abuja sun ji motsinta a 2018. Mu ma ba ma jiran girgiza: a Yulin 2024 ginin makaranta ya rufta a Jos, mutum 22 suka rasu, akasarinsu ɗalibai.

Ajali na Allah ne, babu shakka. Amma Manzon Allah (SAW) ya ce wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu, kuma rage siminti algus ne, sa rodi mai milimita 10 inda injiniya ya rubuta 16 algus ne. Na san kwangila ba a hannunku take ba, na san abin da ake ba ku a wuni bai taka kara ya karya ba. Duk da haka hannunku ne yake kwaɓin. Ku gaya wa oga gaskiya cikin ladabi. In ya ƙi, ku sanar da mai gidan kafin a zuba dakin, don bayan an yi filasta an shafa fenti ba mai iya ganin abin da ke cikin ginshiƙi.