Ba Ɗalibai Ne Ke Yin Tiyata a Asibitin Koyarwa Ba

Mutane da yawa suna fargabar a yi musu tiyata a asibitin koyarwa na jami'a, domin suna zaton ɗalibai ne za su koyi aiki a jikinsu. Wannan zato ba daidai ba ne. Ɗalibi kan shiga ɗakin tiyata ne domin ya kalla ko ya taimaka da ƙananan ayyuka. Matasan da ake gani suna aiki tare da babban likita kuwa, likitoci ne da suka riga suka kammala karatu, suna samun horon ƙwarewa na shekaru, kuma alhakin mara lafiya yana wuyan ƙwararren da ke jagorantarsu.

Likitan tiyata William Halsted ne ya yi fice wajen kafa wannan tsari a Asibitin Johns Hopkins na Amurka, wanda aka buɗe a 1889, bayan ya ga yadda ake horar da likitoci a Jamus: ba a danƙa wa mai koyo aiki mai wuya sai ya ƙware a mai sauƙi. Hasali ma, sassan tiyata na asibitocin koyarwa ne ƙananan asibitoci kan tura wa ayyuka masu sarƙaƙiya, kamar dashen ƙoda da tiyatar ƙwaƙwalwa.