Ba taurin kai ke hana tsofaffinmu zuwa asibiti ba

Wata uku na yi ina lallaɓar mahaifina a je a duba lafiyarsa. Kullum amsa ɗaya: "Lafiyata ƙalau, me zan je nema?" Sai ranar da na bar yi masa wa'azi na zauna kusa da shi, sannan ya fito da abin da ke ransa. Ba ya so in rasa aikin wuni guda a kan layi saboda shi. Ya yi shiru yana murza gwiwarsa, can ya ce: "In kuma suka gano wani abu fa?"

Tun daga ranar na daina cewa tsofaffi taurin kai gare su. Tsoro ne, da gudun zama nauyi a kan 'ya'ya. Ga nisan hanya, ga tsayuwa da ciwon gwiwa, ga likita mai magana da sauri alhali kunne ya fara nauyi. Batun kuɗi kuwa kowa ya san shi.

Amma hawan jini ba ya sallama kafin ya shigo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan rabin masu shi ba su san suna ɗauke da shi ba, alhali awonsa bai wuce 'yan mintuna ba. Da aka auna na Baba, ya hau sosai, shi kuwa ko ciwon kai ba ya ji.

Wanda ya fi damuna shi ne allurar rigakafin infuluwenza. Da ka ambata sai a ce "ai mura ce kawai". Wallahi ba murar da muka saba da ita ba ce. Hukumar ta ƙiyasta infuluwenza tana kashe mutum 290,000 zuwa 650,000 duk shekara ta hanyar cutar numfashi, kuma waɗanda suka haura 65 suna sahun gaba, domin garkuwar jiki tana raguwa da shekaru. Abin da matashi zai kwanta kwana uku ya miƙe, shi ne zai zame wa dattijo ciwon huhu. Wani bincike da aka wallafa a 2018 daga Kanada ya nuna haɗarin bugun zuciya yana ninkuwa kusan sau shida a makon farko na kamuwa.

Baba ya tambaye ni me ya sa sai an maimaita allurar duk shekara, ko dai ba ta aiki ne. Tambaya ce mai kyau, kuma ba wanda ya taɓa ba shi amsarta. Ƙwayar cutar ce ke sauya kama, shi ya sa ake sabunta haɗin allurar. Babu ƙwaya mai rai a cikin wadda ake yi a dantse, don haka ba ta sa cutar. Hannu zai ɗan yi tsami, wani ya ji kasala kwana ɗaya ko biyu, sai bayan kamar mako biyu kariyar ta kankama. Ba ta hana kamuwa ɗari bisa ɗari, amma tana rage kwanciya asibiti da mutuwa.

Ina ganin laifin ma'aikatan lafiya da ba sa ɗaga zancen, domin dattijon da ya ƙi jin ɗansa yakan ji likita. A ƙasashe da dama ma allurar ba ta cikin tsarin rigakafin manya, sai mutum ya nema da kansa.

Ranar da aka yi wa Baba, ni na riƙe masa hannun riga. Da ma'aikaciyar ta cire allurar ya dube ni ya ce, "Har an gama?"