Mayen ƙarfe ya tona mini asiri

Rediyon kaset ɗin da nake ji da shi tun ina saurayi ya mutu murus. Kafin in ba 'yan gwangwan, sai na ciro maganaɗisun da ke bayan lasifikarsa, baƙi, zagayayye, da huda a tsakiya. Ai su ma da irinsa suke yawo: in ya kama, ƙarfe ne, in ya ƙi, alminiyam ne ko jan ƙarfe, kuɗinsa daban.

Da yammar ranar gwangwanin fil ɗin Maman Ummi ya kife kusa da keken ɗinkinta. Na ce kowa ya tsaya. Na yi shawagi da mayen ƙarfena a kan tabarma, fil suka yi ta tsalle suna mannewa. Yara suka ɗau tafi, ni kuma kaina ya fara kumbura. Na ɗauko ƙusa na liƙa masa, ƙusar ta kamo wata, waccan ma ta kamo ta uku, suna reto kamar carbi. Nan na yanke hukunci cewa na gano yadda ake ƙera maganaɗisu a gida. Na kwanar da ƙusar a jikinsa, na danne da almakashin madam don kada yara su taɓa.

Washegari na sa ƙusar a aljihu sai majalisa, wajen mai shayi. Na yi alkawarin in ba ta ɗaga ƙusoshi uku ba, shayin kowa a kaina. Na taɓa, shiru. Na goga ta a riga, na hura mata iska, shiru. Da ƙyar ta ɗan motsa wani guntun waya. Mutum shida ne a bencin, kuma ranar ce kowa ya tuna yana son haɗi mai kauri da biredi.

Na dawo gida na tarar da wata shari'ar. Almakashin, wanda ban roƙe shi komai ba, shi ne ya riƙe abin. Ko'ina aka ajiye shi sai fil da allura su lulluɓe bakinsa kamar bushiya.

"Baban Ummi, me ka yi wa almakashina? Atamfar mutane zan yanka ko ƙaya zan tsince?"

Ummi, 'yar aji biyu a babbar sakandare, ta ce, "Abba, a cikin ƙarfe akwai 'yan gungu ƙanana, kowanne maganaɗisu ne, amma kowa inda ya sa gaba. In babba ya matso sai su yi layi, kamar mu in shugaban makaranta ya fito. A ƙarfe mai taushi irin na ƙusa, yana juya baya yawancinsu sun watse, aro ne kawai. Ƙarfe mai tauri irin na almakashi kuwa, layin zama yake yi."

Na tambayi magani. Ta ce zafi yana rushe layin, in ƙarfe ya kai digiri 770 ba sauran jan komai. Na dubi kurfoti, uwarta ta dube ni, na fasa.

Muna cikin haka Sadik, autanmu, ya fito daga ɗaki da gudu, maganaɗisun a hannunsa. Manne a jikinsa, ga 'yan kunnen da na kawo wa Maman Ummi da ƙaramar salla, waɗanda na rantse mata gwal ne na Dubai, har take ɓoye su a ƙasan akwati.

Ummi ta ce, "Abba, amma malaminmu ya ce ba ya kama gwal. Ƙarfe yake kamawa, da nikel, da kobal."

Na ce ta je ta ɗebo mini ruwan alwala. Ƙarfe goma ne na safe.