An ba mu aiki, an hana mu ƙofar shiga

A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta haramta nuna wa nakasassu wariya. Dokar ta ba gine-ginen da jama'a ke shiga wa'adin shekara biyar su gyara, yadda mai keken guragu zai shiga da kansa. Wa'adin ya cika tun Janairun 2024. To a zo ma'aikatar da nake aiki a nuna mini abu ɗaya da aka taɓa.

Shan inna ce ta kama ni ina yaro, da keke nake yawo. Teburina kuwa yana saman bene. Lif akwai, amma na tarar da shi a mace, har takardar da aka liƙa masa ta koɗe. Kullum safiya sai na tsaya a gindin matakala ina jiran mai gadi da masinja su kinkime ni da kekena kamar buhun masara, suna nishi, ni ina ta "sannunku, Allah ya saka da alheri". In sun fita shan shayi sai in gasu a rana, sannan littafin sa hannu ya nuna na makara. Banɗaki kuma ba a magana, ƙofarsa ta yi wa kekena kaɗan. Saboda haka nake ƙin shan ruwa da safe, ko da a zafin Afrilu ne. Magidanci da iyalinsa yana lissafin fitsari a wurin aiki!

Na rubuta takarda. Abu uku na roƙa: a sauko da teburina ɗakin ƙasa da aka cika da karyayyun kujeru da tsofaffin fayil, a zuba gangaren siminti a bakin ƙofa, a faɗaɗa ƙofar banɗaki ɗaya. Aikin da birkila zai gama kafin mako ya zagayo. Da na ga shiru na sa aka kai ni wurin darakta. Ya ce, "Malam, ka yi haƙuri, babu wannan a kasafin bana. Wai ma wa ya matsa maka? Ka yi zamanka a gida, albashinka zai riƙa shiga."

Wallahi da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Shi a ganinsa tausayi ya yi. Ni kuwa na san makomar wanda ya zauna a gida: ba kwas, ba ƙarin girma, ranar da aka zo tantance ma'aikata kuma sunansa ne farkon shiga jerin na bogi. Na yi karatu, na ci jarrabawa, aka ɗauke ni. In sadaka nake so, ai na san hanyar bakin danja.

Dokar ta ce ma'aikatun gwamnati su yi iya ƙoƙari nakasassu su kai kashi 5 cikin 100 na ma'aikatansu. Wasu sun mayar da abin cika takarda kawai. A ɗauki makauniya a ajiye ta gaban kwamfutar da ba a saka mata manhajar da ke karanta rubutu da murya ba. A kira kurma taro ba mai fassara masa da hannu, a tashi a ce ba ya ba da gudunmawa. Masallacin ma'aikatar ma, wurin da ya kamata a fi tuna mu, da matakala aka tare shi, wurin alwalar kuma sai mai iya tsugunawa.

Hukuncin wariya a dokar shi ne tarar naira miliyan ɗaya ga kamfani, mutum kuma naira dubu 100 ko ɗaurin wata shida ko duka biyun. Miliyan ɗaya a yau ko kujerun ofishin oga ba za ta saya ba. An kafa Hukumar Kula da Nakasassu ta Ƙasa a 2020 don ta sa ido a kan duk wannan. To ta fito daga Abuja ta bi sakatariyoyin gwamnati ɗaya bayan ɗaya, jami'inta ya hau keke ya gwada shiga, duk inda ya maƙale a buga sunan ma'aikatar da na shugabanta a jarida.