"A haɗa min na mura"

Duk ɗan Arewan da ya sauka Ingila, sanyin farko sai ya kayar da shi, kuma ƙorafin kullum iri ɗaya ne: mutanen nan rowar magani gare su. Ka je kantin magani kana tari kamar ƙirjinka zai tsage, a ce ka sha ruwa, ka haɗa zuma da lemun tsami, ka kwanta. Ampiclox kuwa sai da takardar likita. Ko paracetamol a manyan kantuna ƙwaya 16 ce a kwali, dokar tun 1998 take.

A Kano fa? Ka tsaya bakin kemis ka ce a haɗa maka na mura. Yaron shago ya ɓallo Procold biyu, Panadol biyu, Piriton, ya ƙara da kafso mai kashe ƙwayoyin bakteriya, ya ƙulle a 'yar leda ya ce safe da dare. Procold da Panadol duk akwai paracetamol a cikinsu, wato ka ninka ba ka sani ba, hanta ce za ta ji a jikinta. Kafson kuma ba ruwansa da mura, domin bairos ne ke kawo ta, kuma da kanta take tafiya cikin mako ɗaya zuwa biyu. Sai a ce haɗin ne ya yi aiki.

A nan dai Turawa sun fi mu gaskiya. Amma ban yarda a raina mai kemis ba. A ƙauye shi ne likitan, shi ne mai ba da bashi har a sayar da gyaɗa. A Ingila ma ganin likita sai ka riƙe waya tun ƙarfe takwas na safe kana jiran layi. Kuma maganin tari mai kodin da Najeriya ta haramta a 2018, Birtaniya sai a 2024 ta mayar da shi sai da takarda.

Abin da ya fi burge ni tambaya ɗaya ce da mai kantin magani a Ingila ba ya tsallakewa: tun yaushe? Ƙwannafi ne, zai ba ka Gaviscon ko Rennie, amma in ya ji kullum ne, asibiti zai tura ka. Mu kuwa kowane ciwon ciki olsa ne, mutum ya shekara yana kurɓar Gestid da jiƙon kanwa. Tari ma haka. Wanda ya haura mako biyu yana yi, gwajin tarin fuka ya kamace shi, kuma kyauta ake yinsa a asibitocin gwamnati da dama a Najeriya, amma kwalba ta uku ake miƙo masa.