Ƙudan zuman da ya tare a fiyanona

Da aka sa ranar bikin 'yar Kawu, ni na yi karambanin cewa a bar min waƙar amarya. Ina da fiyano da na sayo na hannu a kasuwar Sabon Gari, ina da tsohuwar laftof, ga ƙaramin janareta a zaure. A ƙauyenmu da ke bayan Ringim kuwa, duk wanda ya mallaki waɗannan ukun ya zama furodusa, ko da malamin firamare ne irina.

Bayan la'asar na ja ƙofa, na jona waya daga bayan fiyano zuwa laftof, na kaɗa har ni kaina sai da na ji tausayin amarya. Na sa iyafis in saurari aikina. Tun kafin kiɗa ya shigo sai na ji "zuuuu", kamar an rufe ƙudan zuma a cikin tulu. Kiɗa ya shigo, yana nan. Kiɗa ya ƙare, shi bai ƙare ba.

Fanka na fara zargi. Na kashe ta na sha gumi a banza. Na ɗauke wayar salula na kai ta gindin rumbu, don ita ma idan kira zai shigo tana sa lasifika ta yi "tit-tit-tit". Wancan ya tafi, zuuu ɗin ya zauna daram. Washegari na hau babur na je Ringim na sayo sabuwar wayar haɗi, kuɗin cefanen kwana biyu, na dawo na tarar da baƙona bai ko gyara zama ba.

Inna ta leƙo, na ɗora mata iyafis a kunne. Ta saurara, ta cire shi da sauri tana a'uzubillahi.

"Ɗan nan, ban hana ka kiɗa da almuru ba? To ga shi sun amsa maka."

Kafin in yi magana ta dawo da kaskon wuta da habbatussauda. Ɗaki ya turnuƙe, na yi tari har hawaye. Kawu kuma ya rantse ƙadangare ne ya maƙale a ciki, ya tsaya a kaina sai da na kwance fiyanon. Abin da muka samu ɓawon gyaɗa ne, na mai shi na farko.

A kwana na uku na saduda, na ce tunda ya ƙi fita bari in ba shi aiki. Na lalubi maɓallai na ga zuuu ɗin ya kusa dacewa da sautin maɓallin da ake kira G na can ƙasa, sai na mayar da waƙar gaba ɗaya kan G, ya zame min bes kyauta, wato sautin nan mai kauri da ke ƙarƙashin kiɗa. Dabarar ta yi minti biyu tana aiki. Da mai ya fara ƙarewa janareta ya soma tangaɗi, bes ɗina ma ya bi shi, yana hawa yana sauka kamar kukan jaki.

Ana haka Auta ta shigo ko sallama babu, ta zare cajar laftof ɗina daga soket ta soka ta wayarta. Na buɗe baki zan zazzaga mata masifa, sai na ji kunnena ya yi tsit. Na mayar da caja, zuuu. Na zare, shiru. Sau biyar na yi haka, tana kallona kamar wanda ya zautu.

"Yaya, lafiya kuwa?"

Na kira wani abokina mai situdiyo a Kano. Sai da ya gama dariyarsa sannan ya ce wutar ƙasar nan tana kai da komo sau 50 a sakan ɗaya, kuma ƙugin nan nata ne. Idan fiyano da laftof duk suna jone da wuta, ga kuma wayar sauti ta haɗa su, sai wutar ta samu hanyar zagayawa ta biyo cikin kiɗa, balle caja ce ta bakin titi, ga wutar janareta da ba ta da tsafta. Ya ce ko in sayi 'yar na'urar da ke raba tsakaninsu, ko in yi aiki da batir.

Na zuba wa fiyano batura shida, na kashe janareta. Batirin laftof ɗin minti ashirin yake yi, don haka a guje na kaɗa, amma ya fito tas. Inna ta ce hayaƙinta ne ya yi aiki, sai dai ya ɗan jinkirta. Auta kuma ta ce sai na biya ta kuɗin injiniya.

Ranar biki mai DJ ya tayar da nasa janareta, ya jona laftof ɗinsa da caja, ya saki waƙata a manyan lasifiku. Zuuu ya cika fili har bayan gari. Mata suna ta guɗa, ba wanda ya damu. Daga cikin taro Inna ta hango ni, ta matso kusa da kunnena.

"Ka gani ko? Sun biyo ka."